Ɗan Gimbiyar Bayan Kogi

Ranar Asabar da safe Abba ya yanke magana. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Shekara talatin ya yi yana shugabancin makaranta, kallo kawai yake yi yara su nutsu. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, tabarau a hannu, ya ce a gaya wa manyan Dogo, saurayin da ke neman aurena, kada su wahalar da kansu da zuwa, ba zai karɓe su ba.

Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Goggo, yayar Abba wadda ta raine shi tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta gyara zama kamar wadda aka sauke wa kaya.

Na tambayi Abba ko an kama Dogo da wani laifi ne. Ya ce a'a, an bincika, kowa ya yabi halinsa, kafinta ne mai riƙe da sana'arsa hannu biyu. Sai Goggo ta karɓe maganar.

"Ba yaron ba ne, Auta, uwar ce. Matar da duniya ta ƙare wa kallo shekara da shekaru, yau wannan ya kama hannunta, gobe wancan ya ce yana sonta a gaban jama'a. Ita za ta zama kakar 'ya'yanki? Da 'yar wasa za mu haɗa zuri'a?"

Na ce, "Goggo, ai a falon nan muka kalle ta, har da ke."

"Na kalla. Kallo daban, surukuta daban."

Abba ya mayar da tabaransa ya ɗauki jarida. A gidanmu wannan shi ne alamar an tashi taro.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Kukan ma ya ƙi zuwa. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne ranakun Alhamis na lokacin da nake 'yar shekara bakwai.

Ƙarfe biyar na yamma ake nuna Gimbiyar Bayan Kogi. Talabijin ɗinmu irin mai ƙaton ƙeyar nan ce, sai an ɗan mare ta a gefe hoton yake tsayawa, kuma Yaya ne mai wannan aikin. Yaran maƙwabta su cika falon har bakin ƙofa, takalma a zube kamar a kasuwa. Umma takan rage wutar girki ta zo ta tsaya da ludayi a hannu, wai leƙawa kawai za ta yi, ba ta komawa sai ta ji ƙauri. Goggo kuwa in ta zo mana kwana biyu, ita ce mai yi wa mugun wazirin nan Allah ya isa da ƙarfi, kamar yana jinta.

Gimbiyar ba irin mai zama a ɗaki tana kuka ba ce. Koriyar riga gare ta, da kambi mai taurari uku, kuma da kanta take tuƙa kwalekwale ta haye kogi ta je wurin talakawan da mahaifinta ya manta da su. Idan sarki ya ba da umarnin da bai yi mata ba, sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji, amma ban yarda ba."

Ni ma sai da na zama ita. Na cire koren labulen ɗakin Umma na yafa, na yi kambi da kwalin shayi da takardar alewa mai ƙyalli, na sa Yaya ya kifa tebur ya zama kwalekwale. Wata rana na gwada maganar gimbiya a kan malamar lissafi da ta ce in share aji. Na sha bulala uku, Abba kuma ya kwana biyu yana dariya a ɓoye.

Na girma, aka daina shirin, na zama nas a asibitin ido. Bara wata dattijuwa ta zo a cire mata yana a idon dama, wani dogon saurayi yana riƙe da jakarta. Na ce ta ɗaga kai in ɗiga mata magani. Ta ce in yi a hankali, ita matsoraciya ce. Hannuna ya tsaya cak a sama. Fuskar ta canja, ta yi jiki, gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali duk fari ne, amma muryar nan ko a cikin barci na ji ta na san ta.

Ɗanta ya ga yadda nake kallonta, ya yi murmushi ya ce, "Sista, ita ce. Amma ki ɗiga maganin tukuna."

Daga nan ni da Dogo muka fara, yau wata goma sha ɗaya.

Washegarin hukuncin Abba, da yamma, Lauya ya zo. Ɗan aminin Abba ne, tare iyayenmu suka yi karatu, kuma shekara biyu ke nan yana zuwa gidanmu da mota mai sheƙi da magana a tsare. Goggo da kanta ta shimfiɗa sabuwar leda a teburin baƙi, ta sa aka fito da kofunan da ba a taɓawa.

Da ma mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Mutumin kirki ne. Ya tambayi aikina, ya tambayi ciwon ƙafar Umma, sannan ya ce ya ji abin da ya faru jiya, kuma bai zo don ya yi murna ba. Ya san inda zuciyata take, ban taɓa ɓoye masa ba. Ya ce zai jira, shi a ganinsa so abu ne da zama tare yake ginawa.

Don in sauya zancen na tambaye shi ko ya taɓa kallon Gimbiyar Bayan Kogi yana yaro. Ya yi tunani sosai kamar an yi masa tambaya a kotu, ya ce su a gidansu labarai kawai ake kunnawa. Na yi dariya, shi ma ya yi, ko da yake na ga bai san abin dariyar ba.

Da ya tafi na kira Dogo. Yana wurin aikinsa, ina jiyo ƙarar injin yankan katako kafin ya kashe. Ya ce saƙon Abba ya iso su. Kawunsa ya yi fushi, mahaifiyarsa kuwa ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce masa ya dakata da kirana har sai ta gan ni. Na tambaye shi ko zai dakata ɗin. Ya ce bai taɓa ƙetare maganarta ba, amma wannan karon bai san yadda zai yi ba. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. A haka muka ajiye waya.

Ranar Laraba ce ranar da za a duba mata idon hagu. Ta zo ita kaɗai, a motar haya, abin da ba ta taɓa yi ba. Likita ya duba ta, ya ce in ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ta jira minti ashirin.

Na kai ta ƙaramin ɗakin jira na ciki, mai labule mai kauri da kujeru huɗu da allon haruffa a bango. Babu kowa. Na ɗiga mata, na ba ta auduga, na juya zan fita. Ta kamo gefen rigata.

"Zauna, 'yata. Yanzu idona a rufe yake, zan fi iya faɗin abin da na zo da shi."

Na zauna kusa da ita.

Ta ce ta umarci Dogo ya janye. Ta ce in yi haƙuri, in bi abin da mahaifina ya zaɓa mini.

"Mama, har da ke?"

"Har da ni. Ni ce ma kan gaba."

A nan kukan da ya ƙi zuwa tun ranar Asabar ya ƙwace mini. Na toshe bakina saboda likita yana ɗakin da ke gefe. Ta laluba ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce in yi shiru ba. Sai da na ɗan lafa na ce mata ita ce ta koya mini. Na ba ta labarin labulen Umma, da kambin kwalin shayi, da bulalar malamar lissafi. Na ce tun ina 'yar shekara bakwai nake so in zama ita, macen da za ta durƙusa da ladabi ta ce ta ji amma ba ta yarda ba. Yanzu da ranar ta zo, ita ce za ta ce in yarda?

Ta yi dariya, hawaye da magani suna gangarowa ta ƙasan audugar.

"Auta, kambin nan nawa ma kwali ne. Naki ma wataƙila ya fi shi kyau. Kogin kuma wani tafki ne a bayan tasha, ruwansa bai wuce gwiwa ba, mutum biyu ne suke jan kwalekwalen da igiya. Yariman da kuke suma a kansa, albasa yake ci kafin a fara ɗauka, ina riƙe numfashi yana ce mini yana sona."

Duk da kukan sai da na murmusa.

Ta ci gaba da magana a hankali. Ta ce tana da shekara ashirin da biyu ta je tashar talabijin neman aikin buga takardu, mai shirya wasan ya ji muryarta ya ce ta gwada. Mahaifinta ya ce a'a. Ta ce masa ta ji, ta tafi ta yi. A can ta haɗu da mahaifin Dogo, shi ne mai riƙe sandar ɗaukar murya, suka yi aure ba tare da mahaifin nata ya zo ba. Dogo yana shekara huɗu mijin ya rasu. Da wasan nan ta ciyar da shi. A bayan karagar sarki take shimfiɗa masa zani ya yi barci, kuma a hannun masu haɗa fadar katakon nan ya fara riƙe guduma.

"Ban yi abin kunya ba ko sau ɗaya, Allah ya sani. Da za a sake, wataƙila in sake yi. Amma mahaifina shekara tara bai yi mini magana ba. Daga baya muka shirya, ina zuwa in gaishe shi, yana amsawa. Sai dai akwai wani suna da yake kirana da shi tun ina ƙarama, shi kaɗai yake kirana da shi. Har ya koma ga Allah bai sake faɗarsa ba. Mutane suna tsayar da ni a titi suna ce mini Gimbiya, ni kuwa wancan sunan nake so in ji."

Ta matse hannuna.

"Ita gimbiyar, akwai mai rubuta mata abin da zai faru. In ta yi wa sarki musu, mako mai zuwa an riga an rubuta zai yafe mata. Ke babu mai rubuta miki. Ba zan so ɗana ya zama dalilin da mahaifinki zai daina kiranki Auta ba."

Na kalli allon haruffan da ke bango. Ina jin ana kiran masu jira ɗaya bayan ɗaya a waje.

Na tambaye ta ko Abba ya taɓa jin wannan labarin. Ta ce ina zai ji, ai ba wanda ya taɓa tambaya, kowa ya ɗauka ya san ta tunda ya gan ta a talabijin. Na ce to ta ba ni mako guda kafin ta rufe maganar. Ta ce me zan yi da mako guda? Na ce ban sani ba tukuna, amma ba zan gudu ba, ba kuma zan yi wa kowa rashin kunya ba.

Ta yi ajiyar zuciya. "Mako guda. Yanzu goge fuskarki, kada likita ya ce ni na sa nas ɗinsa kuka ya ƙi gyara mini ido."

Da na tashi aiki na tarar da Abba a bayan gida yana ba shukokinsa ruwa. Tun da ya yi ritaya ya mayar da wurin lambu, tumatir a tsofaffin bokitai, da ɗan itacen lemo da ya ƙi girma. Ban ko cire kayan aiki ba na ɗauki ɗaya butar na fara daga ɗaya gefen. Muka yi ta zuba ruwa har muka haɗu a tsakiya.

Na durƙusa na ce ina da magana. Ya ajiye butarsa ya zauna a kan benci.

Na gaya masa ba zan auri kowa ba sai da yardarsa, ko da zan tsufa a gidan nan. Na ce amma Lauya mutumin kirki ne, bai cancanci a ba shi matar da zuciyarta take wani wuri ba, kuma ba zan iya kallon idonsa in yi masa ƙarya ba. Sannan na ba shi labarin yau, tun daga tafkin bayan tasha har zuwa sunan da mahaifinta bai sake faɗa ba. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya tambaya, "Ita ce ta ce ɗan nata ya janye?"

"Ita ce, Abba."

"Ba ke kika roƙe ta ta zo da wannan dabarar ba?"

"Da na san abin da za ta faɗa, da na ɗauki hutu yau."

Ya ɗan yi murmushi, ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. Na ce abu ɗaya nake roƙo. Lokacin da yake shugaban makaranta, ban taɓa jin ya kori yaro bai kira iyayensa ya ji ta bakinsu ba. Ya bari ta zo gidan nan, ya zauna da ita ko na awa ɗaya ne. In bayan nan ya ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ya juya ya kalli itacen lemon. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, shi a ransa bai ga laifin yaron ba, na uwar ma ji kawai ya yi. Amma Goggo ce ta bar makaranta ta yi ta ɗinki don shi ya yi karatu. Tun da yake bai taɓa ce mata a'a ba, kuma ba ya jin zai fara da furfura a kansa.

Na ce na sani. Hawaye suka sake zubo mini, na bar su.

"Yaushe za a yi mata aikin ɗaya idon?"

Na ce ranar Litinin.

"To kada ta zo. Mace mai ciwon ido ba za ta tako rana ta zo gidana a yi mata tambayoyi kamar mai laifi ba. In an sallame ta, ni zan je. Dubiya zan je, Auta, ki ji da kyau, ba maganar aure ba. Aminina kuma zan same shi gobe in ce yaronsa ya daina jira. Wannan kam kina da gaskiya, ko da Dogo ko babu shi."

Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ga idonsa ya wuce ta kaina. Na waiwaya.

Goggo ce tsaye a ƙofar kicin, da kwanon wanke-wanke a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba. Umma tana bayanta, ta dafe ƙirji.

Abba ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi kullum in ta shigo wuri. Ya ce, "Yaya, dama zan same ki da maganar."

"Na ji ta ai, ba sai ka maimaita ba."

Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tako a hankali saboda gwiwarta har ta iso inda nake durƙushe. Ta daɗe tana kallona. Na nemi fushi a fuskarta ban gani ba, ban kuma ga sassauci ba.

Ta ce wa Abba, "Ba za ka je kai kaɗai ba. Kai da an yi maka magana mai daɗi shi ke nan an gama da kai, tun kana yaro haka kake. Tare za mu tafi. Akwai tambaya ɗaya da zan yi mata, mace da mace. In ta ba ni amsar da ta kwanta mini, ni da kaina zan kira kawun yaron in ba shi haƙuri. In ba ta ba ni ba, kada wanda ya sake ambata mini su a gidan nan. Ke kuma Auta, kin yarda?"

Na kalli Abba. Ya sunkuyar da kai, ya bar ni da ita.

"Goggo, wace tambaya ce?"

"Ba ke zan yi wa ba. Kin yarda, ko ba ki yarda ba?"

Na tuna matar nan da auduga a idonta, da yadda ta ba ni labarinta ba ta gyara ko wuri ɗaya don ta yi kyau ba. Ko me za a tambaye ta, gaskiya za ta faɗa, ko da gaskiyar ce za ta raba ni da ɗanta.

Na ce, "Na yarda."

Goggo ta gyaɗa kai, ta juya ta ɗauki kwanonta. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ta ce da Umma a fito mata da mayafinta mai ruwan toka a goge, wanda take sawa in za ta gidan mutanen da take ganin girmansu.